Zaɓin Wa? Tarihin Jerin Waƙoƙin Mazan Jiya a Gidajen Rediyon Amurka

A ranar 23 ga Janairun 1991, mako guda da ɓarkewar Yaƙin Tekun Fasha, gidan rediyon KLSK da ake saurara a birnin Albuquerque na jihar New Mexico a Amurka ya ɗora wata waƙa. Da ta ƙare ya sake ɗora ta, da ta kuma ƙarewa ya maimaita. Haka aka wuni, haka aka kwana. Waƙar ita ce "Stairway to Heaven" ta ƙungiyar Led Zeppelin, mai tsawon minti 8, kuma awa 24 cur aka yi ba a saka wata ba. Hankalin masu sauraro ya tashi. Wani ya kai rahoto cewa da alama ciwon zuciya ya kayar da mai gabatarwa a ɗakin watsa shiri, wasu kuma suka yi zargin 'yan ta'adda ne suka ƙwace tashar, har 'yan sanda suka je da bindigogi. Ashe babu abin da ya faru. Masu tashar ne ke shelar cewa daga ranar sun koma saka tsofaffin waƙoƙin rok zalla, kuma ba su ga wata hanyar shela da ta fi wannan ba.

Tsarin da KLSK ta koma shi Amurkawa ke kira classic rock. A nan zan kira shi rok ɗin mazan jiya, domin sunan ya dace da shi ta fuska biyu, kamar yadda za mu gani a gaba. Tashoshin da ke bin sa ba su damu da sabuwar waƙa ba. Jarinsu shi ne waƙoƙin jita da ganga na tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1980, na su Beatles da Rolling Stones da Pink Floyd da Eagles da Queen, kuma kullum suna gabatar da su da suna guda: zaɓin masu sauraro. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya san nauyin wannan suna, domin ya ga yadda mutum kan sayi kati, ya rubuta gaisuwa, ya zauna kusa da akwatin rediyo yana jiran a ambaci sunansa da na garinsu. To amma idan ɗaruruwan tashoshi a ƙasa mai faɗin Amurka suka wayi gari suna juya waƙoƙi iri ɗaya shekara arba'in, kowace tana cewa jama'arta ce ta zaɓa, ya kamata a tambaya: wa ya yi zaɓin, kuma a cikin me aka ba shi ya zaɓa?

Amsar ta faro tun kafin a rera waɗannan waƙoƙi. A farkon shekarun 1950 talabijin ta kwashe wasannin kwaikwayo da manyan taurari daga rediyo, ta bar tashoshi da dogayen sa'o'i babu abin cikawa sai faifai. Wani matashi mai suna Todd Storz, mai tashar KOWH a Omaha, shi ake jingina wa dabarar da ta ceci sana'ar. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne ya lura da akwatin kiɗan nan na gidajen cin abinci, wanda ake jefa wa kwabo ya saka faifan da mutum ya zaɓa. Ya ga mutane na ta maimaita 'yan waƙoƙi kaɗan, kuma bayan an tashi, ma'aikatan da suka wuni suna jin su sukan jefa nasu kwabon su sake zaɓar su. Daga nan aka samu tsarin waƙoƙi arba'in mafiya tashe, waɗanda ake juyawa daga safe zuwa dare. Gordon McLendon ya ƙawata shi a tashar KLIF ta Dallas, ya bazu ko'ina.

A wancan lokaci mai gabatarwa na da ƙarfi. Alan Freed, wanda ya fara saka waƙoƙin baƙaƙen fata ga matasa na kowane launi a tashar WJW ta Cleveland a 1951, kuma ya yaɗa sunan rock and roll, yana iya ɗaga faifai ko ya binne shi. Inda ƙarfi yake kuwa, nan 'yan kasuwa ke kai na goro. Kamfanonin faifai suka riƙa ba masu gabatarwa kuɗi da kyaututtuka don a saka hajarsu. Asiri ya tonu a 1959, Majalisar Dokokin Amurka ta yi zaman bincike, kuma a 1960 aka gyara doka ta wajabta bayyana duk wani biyan da aka yi don saka waƙa. Freed ya rasa aikinsa, ya rasu a 1965 cikin talauci. Sakamakon da ya fi daɗewa shi ne masu tashoshi sun karɓe ikon zaɓe daga hannun mai gabatarwa, suka damƙa wa daraktan shirye-shirye. Zuwa 1965, lokacin da Bill Drake ya sake fasalin tashar KHJ ta Los Angeles, jerin ya ragu zuwa waƙa 30, surutun mai gabatarwa ya koma na 'yan daƙiƙoƙi, waƙar da ta haura minti uku kuma sai da kyakkyawan dalili take shiga.

Duk wannan a matsakaicin zango ake yi, wato AM. Zangon FM, wanda Edwin Armstrong ya ƙirƙiro tun 1933, ya fi tsabtar sauti nesa ba kusa ba, amma ya zauna kamar gonar da aka gada ba a nomawa. Mafi yawan masu lasisinsa suna da tashar AM, don haka sai su jona shirin ɗaya a kan ɗaya su huta. A 1964 hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta yanke cewa a biranen da suka haura mutum 100,000, tashar FM ba za ta maimaita fiye da rabin shirye-shiryen 'yar'uwarta ta AM ba. Dokar ta fara aiki a Janairun 1967. Dare ɗaya masu tashoshi suka sami kansu da sa'o'i masu yawa da dole a cika, a zangon da ba ya kawo kuɗi. Mafi arha shi ne a miƙa makirufo ga samari masu dogon gashi waɗanda za su zo da faya-fayansu daga gida, su karɓi ɗan abin da aka ba su. Abin da daga baya aka riƙa yi wa kirari da juyin juya halin matasa, wata 'yar doka ce ta ma'aikatan gwamnati ta buɗe masa ƙofa.

Shahararren cikinsu shi ne Tom Donahue, tsohon mai gabatarwa a tsarin waƙa arba'in wanda ya gaji da shi. A 1967 ya shiga wata tasha mai fama da talauci a San Francisco, KMPX, wadda ke sayar da lokacinta ga masu shirye-shiryen harsunan waje. A ƙarshen shekarar ya rubuta a mujallar Rolling Stone cewa rediyon AM ya mutu, gawarsa ce kawai ke cika iska da wari. A KMPX babu jeri. Mai gabatarwa na iya haɗa B.B. King da Ravi Shankar da Miles Davis da Jefferson Airplane a zama ɗaya, ya yi magana a hankali kamar mai hira da aboki, ko ya saka gefe guda na babban faifai ya bar shi ya tafi har ƙarshe. A 1968 ma'aikatan suka yi yajin aiki suka koma KSAN. WNEW-FM a New York da WBCN a Boston da WMMS a Cleveland da KMET a Los Angeles duk suka bi sahu. Lokacin ya zo daidai da sauyi a wurin mawaƙa su ma, domin bayan kundin Sgt. Pepper na Beatles a 1967, babban faifai ya zama ma'aunin gwaninta, ba ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowane gefe ba. Waƙar Iron Butterfly ta 1968, "In-A-Gadda-Da-Vida", minti 17 ce. Masu gabatarwa sun ƙaunace ta, kuma ana zolayarsu cewa don tana ba su damar zagawa bayan gida ne.

A nan ne ya kamata a yi wa masu sauraro adalci, domin a wannan ɗan tsakani sun yi zaɓi na haƙiƙa. "Stairway to Heaven" ta fito a Nuwamban 1971 a kundi na huɗu na Led Zeppelin, kundin da ko suna ba a rubuta a bangonsa ba. Ƙungiyar ta ƙi yarda a yanke waƙar a sayar da ita a ƙaramin faifai, saboda haka ba ta shiga jadawalin waƙoƙi masu tashe na Billboard a zamaninta ba. A ma'aunin Storz da Drake ba ta da wata dama: ta yi tsawo, ta fara a sanyaye da sarewa da jita, ba ta da amshi mai dawowa. Waya ce ta ɗaga ta. Matasa suka yi ta bugowa tashoshin FM suna roƙon a saka, har ta zama waƙar da aka fi ambata a matsayin wadda aka fi roƙo a tarihin zangon. Haka "Free Bird" ta Lynyrd Skynyrd, ta 1973, mai minti 9, wadda haɗarin jirgin sama na Oktoban 1977 da ya kashe jagoran ƙungiyar ya ƙara mata nauyi a zukata. A Ingila ma an ga irin haka. Mutanen sana'a sun yi shakkar rediyo zai karɓi "Bohemian Rhapsody" ta Queen mai kusan minti 6, sai Kenny Everett na Capital Radio a Landan ya saka ta sau 14 a ƙarshen mako guda na Oktoban 1975, jama'a suka yi cincirindo a shaguna suna neman faifan da bai ma fito ba. Ta yi mako 9 a saman jadawalin Birtaniya. Waɗannan waƙoƙi sun shiga iska ne ta hanyar karya doka, da goyon bayan masu sauraro.

Sai dai nasara ta jawo ido. Yayin da motoci suka fara zuwa da rediyon FM, masu sauraro suka yi ta ƙaura, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 FM ya zarce AM a yawan jama'a. Gonar da aka raina ta fara ba da amfani, masu ita suka dawo da ma'auni. Wani matashi ɗan Chicago, Lee Abrams, shi ya fi kowa gane abin yi. Ya lura cewa tashar da ba ta da jeri tana da masoya na haƙiƙa amma 'yan kaɗan, domin da zarar mai gabatarwa ya saka abin da mutum bai sani ba, sai ya murɗa zuwa wata tasha. Dabararsa ita ce a riƙe kamannin 'yanci, wato muryar aboki da waƙoƙin babban faifai, a ɗora su a kan horon waƙa arba'in. Maimakon a dogara da waƙar da aka sani, sai a dogara da mawaƙin da aka sani. Shi da abokin aikinsa Kent Burkhart suka sayar da wannan tsari, mai suna Superstars, ga tashoshi da dama a faɗin ƙasar. Sukan ajiye katuna a shagunan faifai, wanda ya saya ya rubuta lambarsa, bayan kwanaki a kira shi a tambaye shi waƙar da ta fi yi masa daɗi. A 1979 kuma aka fito da manhajar kwamfuta mai suna Selector, wadda ke tsara abin da za a saka sa'a bayan sa'a. Mai gabatarwa ya koma mai karanta takarda.

Ba don ƙiyayya da kiɗa aka yi haka ba. Gidan rediyon kasuwanci ba waƙa yake sayarwa ba, kunnuwa yake sayar wa masu talla, kuma a wancan zamani kamfanin Arbitron ne ke ƙidaya kunnuwan ta hanyar littattafan da ake raba wa gidaje su rubuta abin da suka saurara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu tallan giya da motoci da kayan sauti samari suke nema, 'yan shekara 18 zuwa 34, galibi farare mazauna unguwannin gefen birni. Saboda haka su ake tambaya, kuma abin da suka ce shi ake kira ra'ayin masu sauraro.

Wannan shi ne wurin da jerin ya fara rubuta tarihi ba daidai ba, kuma shi ya fi damuna. Kiɗan rok ɗan baƙaƙen fatar Amurka ne. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jita mai lantarki tun kafin a san Elvis Presley. Big Mama Thornton ce ta fara rera "Hound Dog". Chuck Berry da Little Richard da Bo Diddley su suka kafa harsashin. Turawan Ingila da suka mamaye jerin ba su taɓa ɓoye malamansu ba: Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu, Led Zeppelin kuwa sai da Willie Dixon ya kai su ƙara a 1985 a kan "Whole Lotta Love", aka sasanta a wajen kotu, aka ƙara sunansa cikin marubutanta. Duk da haka, da tashoshin rok suka tsuke jerinsu, baƙar fatan da ya tsira da tabbatacciyar kujera shi ne Jimi Hendrix, wanda ya rasu tun 1970. Sly Stone da Funkadelic da Isley Brothers, waɗanda jitarsu ba ta gaza ta kowa ba, aka tura su tashoshin da aka ware wa baƙaƙe. Ba a buƙaci doka ko sanarwa ba. An ce kawai bincike ya nuna ba su dace da tsarin ba, alhali waɗanda aka bincika an riga an zaɓe su.

Abin ya fito fili a daren 12 ga Yulin 1979 a filin wasa na Comiskey Park a Chicago. Steve Dahl, mai gabatarwa a tashar rok ta WLUP, wanda ya rasa aikinsa na baya lokacin da tasharsa ta koma kiɗan disko, ya gayyaci jama'a su zo da faifan disko a tarwatsa da nakiya, a bar su su shiga a kan santi 98. Kimanin mutum 50,000 suka hallara, aka fasa faya-fayan, matasa suka afka cikin fili, dole aka soke wasa na biyu. Vince Lawrence, wani matashi baƙar fata da ke aikin nuna wa 'yan kallo wurin zama a daren, ya ba da labari daga baya cewa da yawa cikin faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙe ne kawai. Shekara shida bayan haka makaɗin jita Vernon Reid da marubuci Greg Tate da wasu suka kafa ƙungiyar Black Rock Coalition a New York, don su ƙwato wa baƙaƙe wuri a kiɗan da kakanninsu suka haifa. Mata ma ba su sami rabo mai yawa ba. In aka cire Janis Joplin da 'yan'uwa biyu na ƙungiyar Heart da matan Fleetwood Mac da Pat Benatar da Joan Jett, sai a yi sa'o'i ba a ji muryar mace ba. Shi ya sa na ce sunan mazan jiya ya dace ta fuska biyu.

Ragowar labarin na ƙididdigar haihuwa ne. Tsakanin 1946 da 1964 an haifi yara kimanin miliyan 76 a Amurka. Su ne samarin da suka yi ta bugo waya a 1972. Zuwa farkon shekarun 1980 sun yi aure, sun kama aiki, sun fara biyan bashin gida. Led Zeppelin ta watse a Disamban 1980 bayan rasuwar makaɗin gangarta John Bonham, a watan kuma aka harbe John Lennon. Tashar talabijin ta MTV ta buɗe a 1981 da sababbin fuskoki da sabon sauti. Tashoshin rok suka shiga tsaka mai wuya: in sun saka sabo, manya su gudu, in sun saka tsoho, yara su gudu. Tashar KRBE ta Houston ta gwada tsoho zalla a 1983, sannan mashawarci Fred Jacobs ya kafa tsarin a kan FM a tashar WMMQ ta jihar Michigan a 1985, daga nan ya bazu cikin sauri. Da yawa a sana'ar sun ɗauka yayi ne na shekara biyu, mutane za su ƙoshi. Ba su ƙoshi ba. Masu talla sun fi son 'yan shekara 25 zuwa 54 masu albashi, kamfanonin faifai kuma suna murna, domin faifan CD ya shigo kuma mutane na sake sayen kundayen da suke da su tun da. Da tsohuwar zuma ake magani, musamman in an riga an biya kuɗin tatsarta.

Yadda ake tace jerin a wannan zamani ya cancanci a tsaya a kansa. Tasha kan gayyato wasu daga cikin masu sauraronta, a tara su a zauren otal, a ba su ɗan hasafi. Sai a saka musu guntayen ɗaruruwan waƙoƙi, kowace 'yan daƙiƙoƙi, daidai gaɓar da aka fi sani. Kowa ya nuna ko ya san ta, ko yana son ta, ko ya gaji da ita. Wadda ta ci ta zauna, wadda ta faɗi a ajiye ta. A ido, babu dimokuraɗiyyar da ta fi wannan. Amma a duba da kyau. Waƙar da mutum zai gane cikin daƙiƙa bakwai ita ce wadda ya ji sau ɗari, wadda ya ji sau ɗari kuwa ita ce wadda rediyo ya saka. Waƙar da aka daina sakawa bana, baɗi ba za a gane ta ba, sai ta faɗi, faɗuwar kuma ta zama hujjar ci gaba da barin ta. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna tun 1968 cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai na sa a ƙara son sa. Hausawa na cewa ido na raina wanda yake gani kullum, amma da alama kunne ya saɓa wa ido a nan. Haka ƙungiyar da ta yi kundi goma za ta ƙare da waƙa uku a iska. Paul McCartney ya zo har Legas a 1973 ya ɗauki mafi yawan kundin Band on the Run, amma mai sauraron irin waɗannan tashoshi zai iya tsufa bai ji fiye da biyu ko uku daga cikin waƙoƙinsa ba.

Dokar sadarwa ta 1996 ta ƙarasa aikin. Kafin ta, kamfani ɗaya ba ya mallakar fiye da tasha 40 a faɗin ƙasar. Ta cire wannan iyaka, cikin shekara biyar kamfanin Clear Channel ya tara sama da 1,200. Mai gabatarwa ɗaya zai iya naɗar muryarsa a wani birni a watsa a birane da dama kamar yana nan. Ƙarfin da ke cikin haka ya bayyana bayan harin 11 ga Satumban 2001, lokacin da wata takarda ta zagaya tashoshin kamfanin ɗauke da waƙoƙi sama da 150 da aka ga bai dace a saka ba a lokacin, har da "Imagine" ta John Lennon da ita kanta "Stairway to Heaven". Kamfanin ya ce shawara ce ba umarni ba. Ko da hakan ne, ta nuna 'yan hannaye nawa ke riƙe da abin da ake kira zaɓin jama'a. A 2014 shafin FiveThirtyEight ya bi tashoshi 25 na mako guda, ya ƙidaya an saka waƙa sama da sau 37,000, amma waƙoƙin daban-daban 2,230 ne kacal a tsakaninsu duka, kuma kashi 57 cikin ɗari na abin da aka saka ya fito ne daga shekara goma, 1973 zuwa 1982.

Da wannan za a iya cewa ƙidayar ƙarshen shekara da tashoshin ke yi wasan yara ne. A hutun tunawa da sojoji na ƙarshen Mayu, tashoshi da yawa kan jero waƙoƙi 500, suna kwaikwayon tseren motoci na Indianapolis 500 da ake yi a ƙarshen makon. Tashar Q104.3 ta New York kan jero 1,043 a hutun godiya na Nuwamba, kuma kowa ya san wadda za ta zo ta ɗaya tun kafin a fara. Amma ban yarda cewa masu jefa ƙuri'ar wawaye ne da aka ɗaure a turken sabo ba. Mutumin da ya zaɓi "Hotel California" yana zaɓar shekarar da ya sayi motarsa ta farko, da abokin da ya rasu, da yarinyar da bai aura ba. Ba ya buƙatar a ba shi mamaki. Yana so ne ya ji cewa dubban mutanen da bai sani ba suna tuna abin da yake tunawa a sa'a guda.

Akwai kuma shaidar cewa in aka sauya abin da ake ba kunne, zaɓi na sauyawa. A 1976 John Peel na BBC ya nemi masu sauraronsa su aiko da waƙoƙin da suka fi so a duk tarihi, ya jero hamsin. "Stairway to Heaven" ce ta zo ta ɗaya, kamar a ko'ina. Peel kuwa ya riga ya juya ga sabon kiɗan punk yana saka shi dare bayan dare, duk da wasiƙun ƙorafi. Da aka sake ƙuri'a a 1978, "Anarchy in the U.K." ta Sex Pistols ce a sama, tsofaffin gwanaye suka gangaro. Wasu masu sauraron sun tafi, wasu sun shigo, wasu sun sauya ra'ayi, amma duk ta hanyar abin da mutum ɗaya ya yi ƙarfin halin sakawa. A ƙasar Holan, inda gidan rediyon gwamnati ke jero waƙoƙi 2,000 da jama'a suka zaɓa tun 1999, daga Kirsimeti zuwa daren sabuwar shekara, "Bohemian Rhapsody" ce ke zuwa ta ɗaya a mafi yawan shekaru. Amma a 2015, makonni bayan harin birnin Paris, jama'a suka ɗaga "Imagine" sama, a 2020 kuma, shekarar annobar korona, wani mawaƙin ƙasar mai suna Danny Vera ya ture kowa. Inda ƙuri'a ke buɗe kuma akwatin zaɓe ke da faɗi, jerin kan motsa da abin da ke damun mutane.

A Amurka ma jerin na motsawa, amma da lissafin masu talla. Yayin da 'yan 1946 suka haura shekara 54 suka fita daga rukunin da ake nema, waƙoƙin shekarun 1960 sun fara raguwa, Nirvana da Pearl Jam da Metallica suka shigo. Waɗanda suka taso suna yi wa mazan jiya tawaye yanzu su ne mazan jiya. Tashoshin da suka fara tafiyar kuwa yawancinsu sun tafi: KMET ta rufe babin rok a 1987, WNEW-FM a 1999, WBCN ta bar zangonta a 2009.

Robert Plant, wanda ya rubuta baitocin "Stairway to Heaven" kuma ya rera ta, ya taɓa ba da labarin wata tafiya da ya yi a mota a jihar Oregon. Yana murɗa rediyo sai ya faɗa kan KBOO, wata ƙaramar tashar al'umma a Portland da ke rayuwa da gudummawar masu sauraro, tana saka tsofaffin waƙoƙin da ba a ji a wani wuri. Lokacin neman tallafi ne, mai gabatarwa kuma ya yi alkawarin cewa in jama'a suka taimaka, tashar ba za ta taɓa saka "Stairway to Heaven" ba. Plant ya tsaya a gefen hanya, ya buga waya, ya ba da nasa kuɗin. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ba ƙin waƙar yake yi ba, ya dai taɓa jin ta.